Marigayi Abubakar Imam, Malamin Da Ya Kai Tatsuniya Makaranta

Duk wanda ya taɓa kwana a cikin birnin Kano a zamanin da, a irin tsofaffin unguwannin nan kamar Sheshe ko Yakasai ko Mandawari, ya san yadda dare ke farawa a gidan Bahaushe kafin talabijin ya shigo. Da an ci tuwo an wanke hannu, sai ka ga yara suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, sun nufi ƙofar ɗakin kaka. Ba a kira su ba, ba a kuwa tilasta su ba. Yaron da aka yi ta fama da shi tun safe a kan ɗiban ruwa, shi ne za ka tarar ya riga kowa shimfiɗa tabarma. Haka abin yake a ƙauyukan Katsina da Zazzau, haka yake a gidajen Musulmi da na Kirista da na Maguzawa. Har akan tsorata yara da cewa wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓace, don kada a bar aiki a zauna hira.

Mutumin da za mu ba da tarihinsa a wannan mako ba Bakano ba ne, amma babu wani ɗan makaranta a Kano da bai san sunansa ba. Shi ne ya ɗauko wannan aiki na kaka, wanda ake yi da baki cikin duhu, ya zuba shi a takarda, ya kai shi aji.

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara cikin shekarar 1911. A lokacin Kagara tana ƙarƙashin lardin Kwantagora, yanzu kuwa tana cikin Jihar Neja. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne masani, saboda haka yaron ya buɗe ido ne a gidan allo da tawada. A nan ya fara karatun Alƙur'ani da Larabci. Yana da wani wa da ya girme shi nesa ba kusa ba, wato Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda ke koyarwa a Katsina. Wajensa aka aika Abubakar yana ɗan yaro, ya shiga makarantar boko a can, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Cikin 1927 ya shiga Kwalejin Katsina, wadda ta horar da yawancin manyan Arewa na farko, irin su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya gama cikin 1932, aka ba shi aikin koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, yana da shekara 21 kacal.

To, a wannan zamani malamin makaranta a Arewa yana da wata babbar matsala. An koya wa yara haɗa baƙi da wasali na boko, sun iya, amma babu abin karantawa. Ɗan abin da ke akwai littattafan koyarwa ne da aka fassara, na kiwon lafiya da noma da tarihi. Yaro ba zai ɓoye irin wannan littafi cikin riga don ya karanta a bayan ɗaki ba. Ba wai ba a taɓa rubuta tatsuniyoyin Hausa ba ne. Tun cikin 1885 Rabaran J. F. Schön na ƙungiyar C.M.S. ya buga Magana Hausa a Ingila, da labaran da ya ji daga bakin Dorugu, wani Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram da aka kama bauta tun yana yaro, wanda daga baya ya rasu a Kano cikin 1912. Haka kuma wani jami'in mulki, Frank Edgar, ya tara tatsuniyoyi masu ɗimbin yawa ya buga su tsakanin 1911 da 1913. Sai dai duk waɗannan an yi su ne domin Turawa masu koyon Hausa. Ba a yi su domin ɗan Bahaushe ba.

Wanda ya lura da wannan giɓi shi ne Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Fassara, wadda aka fara a Kano aka kuma mayar da ita Zariya. Cikin 1933 ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su gwada ƙaga labari da Hausa, aka sa gasa. Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa. Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, Muhammadu Gwarzo ya rubuta Idon Matambayi, John Tafida na Wusasa tare da East suka rubuta Jiki Magayi, ƙanen Bello kuma, ƙaramin malamin nan na Midil, ya rubuta Ruwan Bagaja.

A nan ya kamata mu ɗan dakata a kan wannan suna, domin ba Imam ne ya ƙirƙiro shi ba. Ruwan Bagaja tsohuwar tatsuniya ce, kuma in ana neman tatsuniya ɗaya da ta tattara abin da Bahaushe yake so ya ga ɗansa ya zama, to ita ce. Ana ba da ita iri-iri, amma ƙashin bayanta ɗaya ne. Mutum yana da mata biyu, Mowa da Bora, kowace da 'yarta. Aka ɗora wa 'yar Bora laifin da ba ta yi ba, aka ce ta ɗauki ƙirgi ta je ta wanko shi a Ruwan Bagaja, inda ba wanda ya san hanya. Ba ta yi musu ba, ta ɗauka ta tafi. A hanya ta yi ta haɗuwa da koguna na abin marmari suna kiranta ta sha, ta ƙi tsayawa don ba abin da aka aike ta ke nan ba. Ta iske abubuwan ban mamaki da na ban dariya, ta gaishe su da ladabi, ba ta yi dariya ba. Aka ba ta ƙwayar shinkafa ɗaya da ƙashi aka ce ta dafa, ta dafa ba tare da gunaguni ba, tukunya ta cika. Da za ta komo aka ce ta zaɓi ƙwai, ta ɗauki ƙarami. Ta fasa shi inda aka ce ta fasa, sai ga dawaki da bayi da dukiya. Da Mowa ta gani sai ta tura tata 'yar. Ita kuwa duk inda waccan ta yi ladabi sai ta yi tsiwa, duk inda waccan ta haƙura sai ta yi zalama, ta zaɓi babban ƙwai, ta komo gida da abin kunya.

Mai karatu ya duba yadda wannan tatsuniya take aiki a zuciyar yaro. Kaka ba ta ce wa kowa ya yi biyayya ba. Ba ta ambaci sunan jikar da ta yi mata tsiwa da hantsi ba. Amma tun kafin a kai rabin labarin kowane yaro a tabarmar ya riga ya zama 'yar Bora a ransa, yana jin tsoron da take ji, yana ƙin 'yar Mowa. Yaron da ya ƙi 'yar Mowa da dare, da wuya ya so a kira shi da sunanta da safe. Kuma tafiyar sau biyu ake yin ta, hanya ɗaya, gwaji ɗaya, sai hali ne kaɗai ya bambanta, don yaro ya gane da kansa inda bambancin ya fito. Jamusawa ma suna da irinta sak, ta wata tsohuwa mai suna Holle da 'yan mata biyu, a cikin tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, suka fara bugawa cikin 1812. Da alama iyaye a ko'ina sun gano dabarar nan tun da daɗewa.

Abu ɗaya ne ke damuna game da ita, kuma gara in faɗa. A yadda akasari ake ba da ita, abin da ya fito daga ƙwan 'yar Mowa shi ne kutare da makafi da guragu, suka rako ta gida ana yi mata dariya. Wato tatsuniyar da ta koya wa yaro tausayi ita ce kuma ta nuna masa cewa kuturu da makaho abin horo ne. Wanda zai ba da ita yau yana iya gyara wannan wuri, tatsuniya ba ta hana gyara.

Shi dai Imam sunan kawai ya ara da kuma tafiya neman ruwan. Labarinsa na wani Alhaji Imam ne, wanda aka kunyata uban riƙonsa Liman a fada saboda ya ce Ruwan Bagaja ne maganin ciwon ɗan sarki. Ɗan ya ɗauki alkawarin sai ya samo ruwan ya wanke uban daga kunya, ya yi shekaru yana yawon duniya. Gaskiya ne littafin cike yake da wayo da zamba da ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, har wani uba zai iya tambaya ko wane irin hali ake koya wa yara a ciki. Amma a lura da abin da ya fitar da shi daga gida tun farko, wato mutuncin uban da ya rene shi. Marubucin saurayi ne a lokacin, dariya ta fi wa'azi yawa a alƙalaminsa. East ya ga cewa wannan yaro yana da abin da ba a koyarwa, wato Hausa mai daɗi da iya riƙe mai sauraro.

Don haka cikin 1936 ya nemi a ba shi aron Imam daga Katsina zuwa Zariya. Ya tara masa littattafan labarai na ƙasashe dabam-dabam, na Larabawa kamar Dare Dubu Da Ɗaya, na Indiya da Farisa, da na Turai irin na Grimm. Imam ya zauna wajen wata shida yana karantawa yana rubutawa. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, labarai fiye da 80, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939, da zane-zanen wata Baturiya mai suna Jacqueline de Naeyer. Yana da shekara 25 ya yi wannan aiki.

Yawancinmu mun karanta shi a firamare, amma ba kowa ya lura da cewa littafi na ɗaya gaba ɗayansa a kan biyayyar yaro ɗaya aka gina shi ba. Ga yadda abin yake. Sarki Abdurrahman ya daɗe bai sami ɗa namiji ba, sai da aka yi ta roƙon Allah sannan aka haifi Musa. Waziri, wanda ya riga ya sa rai da gadon sarauta, ya ƙulla masa sharri a zuci. Yaƙi ya taso tsakanin Sarki da Sarkin Sinari. Da Sarki zai fita sai ya tafi da jikansa Mahmudu, abokin tashin Musa, ya bar Musa a gida, ya yi masa kashedi kada ya fita, kada kuma ya yi komai sai ya shawarci aku. Musa bai san cewa Waziri ya shirya masa tarko a waje ba. Abin da ya sani kawai shi ne abokinsa yana fagen fama, shi kuwa an kulle shi kamar mace mai jego. Ya yi ɗamara zai bi su.

Wurin da nake so iyaye su duba shi ne wannan. Akun yana da mata. Ita Musa ya fara tarar wa da maganar, ta hana shi kai tsaye, ta tuna masa da umurnin ubansa. Gaskiya ta faɗa, babu ƙarya ko ɗaya a bakinta. Musa ya fusata ya kashe ta. Da namijin ya ga haka sai ya sake dabara. Bai ce wa Musa kada ya tafi ba. Kullum Musa ya zo sallama da dare cikin kayan yaƙi, sai aku ya nuna kamar ya yarda, har ya yaba masa, sannan ya jefa wata 'yar magana da za ta sa Musa ya tambayi asalinta. Da ya tambaya sai labari ya ɓarke. Kafin a ƙare gari ya waye, fita ta gagara, sai kuma gobe. Haka aka yi ta yi dare bayan dare har Sarki ya komo, asirin Waziri ya tonu, Musa yana nan da ransa, aka naɗa aku Waziri.

An ce Imam ya aro wannan tsari daga wani tsohon littafin Indiya na labaran aku, inda akun ke hana wata matar aure fita da dare. Haka ne. Amma shi ne ya mayar da matar ta zama yaro ɗan sarki, ya mayar da maganar ta zama ta ɗa da umurnin uba. Malamin makaranta ne ya yi wannan canji, mutumin da ya tsaya gaban yara ya ga abin da bulala ke iyawa da abin da ba ta iyawa. A ganina duk abin da Imam ya sani game da tarbiyya yana cikin bambancin nan na macen aku da namijin. Dukansu abu ɗaya suke so. Ɗaya ta tari zuciyar yaro gaba da gaba ta rasa ranta, ɗaya ya bi ta gefe ya tsirar da yaron. Kuma a ƙarshen kwanakin nan ba Musan da aka fara da shi ba ne, domin kowane dare an zuba masa wani abu a kai ba tare da ya ji zafin zubawar ba.

Su kansu labaran, da yawansu karin magana ne sunayensu, labarin kuma ya zo ya ba karin maganar jiki. Akwai na kififiyar da tsuntsaye biyu suka ɗauka a sanda za su ƙaura da ita, suka gargaɗe ta kada ta buɗe baki. Ta ji mutane a ƙasa suna magana a kanta, ta kasa daurewa, ta buɗe baki ta faɗo. Wannan daga Indiya ya taso, ya bi ta Kalila wa Dimna na Larabci. Akwai na Kyanwa da Ɓera da suka yi ajiya tare, kyanwa ta riƙa zagayawa tana cinyewa da ƙaryar zuwa suna, wanda ke cikin littafin Grimm. Akwai na Sarkin Busa, wanda ya raba gari da ɓeraye aka hana shi ladan da aka yi masa alkawari, shi ma daga Jamus ya fito. Akwai na Kalala da Kalalatu, wanda har yau in aka ambace shi sai tsofaffin 'yan makaranta su fashe da dariya. Ka tambayi wanda ya karanta su yana yaro ko ya taɓa zaton ba a ƙasar Hausa aka yi su ba. Imam ya tuɓe musu kayan ƙasarsu, ya sa musu riga da hula, ya ba su zaure da kasuwa da fada da alkali, ya sa musu Hausar da ake yi a bakin titi. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, ko da yake wasu masana daga baya sun yi ta ƙorafi cewa aro ya yi yawa. Ni dai ban ga laifin wanda ya aro iri ya shuka a gonar gida ba.

Wani abin lura shi ne, ba yara kaɗai ake ja wa kunne a cikin labaran ba. Sarkin da ya yi saurin fushi yana shan da-na-sani, alkalin da ya karɓi hanci yana jin kunya, attajiri marowaci yana asara, mutanen garin da suka ci amanar Sarkin Busa su ne suka yi kuka. Wanda ya taimaki na ƙasa da shi, ko dabba ce, yakan tarar da alherinsa a gaba lokacin da bai zata ba. Saboda haka yaron da ya tashi da littafin bai koyi cewa babba ba ya laifi ba. Ya koyi cewa akwai ladabin da ƙarami ke bin babba, akwai kuma haƙƙin da babba ke bin ƙarami, kuma duk wanda ya karya nasa zai gani. A littafi na biyu aku ya yi gasar labari da wani aku mai suna Haziƙ. A na uku kuwa ya zauna yana koyar da ɗansa Fasih, har ya kan hore shi in ya yi sakaci. Wato an fara da ɗan sarki, an ƙare da ɗan cikinsa.

Bayan wannan aiki Imam ya koma aji a Katsina, amma bai daɗe ba. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya, aka ɗauko shi ya zama editanta na Hausa. Ya riƙe ta fiye da shekara goma, ciki har da dukan shekarun Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin mai karatu ɗaya kan zauna a dandali ya karanta wa mutum ashirin, saboda haka muryar Imam ta kai inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba. Irin Hausar da ya yi amfani da ita a jaridar da littattafansa tana cikin abin da ya zama ma'aunin rubutacciyar Hausa, wadda mu ma muke bi a wannan shafi.

Cikin 1943, ana tsakiyar yaƙi, aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma zuwa Ingila. Imam ne kaɗai ɗan Arewa a cikinsu, Nnamdi Azikiwe ma yana cikin tafiyar. Labarin wannan tafiya shi ne ya rubuta a Tafiya Mabuɗin Ilmi. A can Azikiwe ya shirya takardar neman 'yancin kai, Imam ya ƙi sa hannu, domin a ganinsa Arewa ba ta shirya ba kuma ba a aiko shi da wannan ba. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin tsoron Turawa. Sai dai a tafiyar nan ce ya sadu da Lugga, tsohon Gwamna, wanda a lokacin ya tsufa yana zaune a gida, ya zayyana masa abubuwan da suka lalace a mulkin Arewa, da baki da kuma a rubuce. Ya yi maganar zaluncin da ake yi wa talakawa a ƙarƙashin En'e, da yadda ake toshe bakin matasa masu ilmi, da yadda wasu jami'an Turawa ba sa jin ta kowa sai ta sarakuna. Ma'aikacin gwamnati ne yake faɗa wa wanda ya kafa tsarin cewa tsarin yana ciwo. Ya yi shi cikin ladabi, da gaisuwa da girmamawa, amma bai rage komai ba. Wanda ya san akun Magana Jari Ce ba zai yi mamakin wannan ba, don shi ma akun kullum yana durƙushe ne yana kirari, amma abin da ya ga ya dace shi yake sa a yi.

Daga nan siyasa ta ja shi na ɗan lokaci. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, tare da abokinsa na Zariya Dokta R. A. B. Dikko na Wusasa, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya zama shugabanta na farko. Wannan ƙungiya ce ta rikiɗe ta zama jam'iyyar N.P.C. cikin 1951. Imam ya shiga Majalisar Arewa a Kaduna da Majalisar Wakilai a Ikko, amma bai zauna a siyasa ba. Ya koma harkar littattafai a hukumar NORLA a Zariya, daga baya ya yi shekaru a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Ya rubuta littattafai da dama, na tarihi da na addinin Musulunci da na kimiyya, kamar Ikon Allah wanda suka yi tare da East don nuna wa yara abubuwan al'ajabi na halitta. An ba shi lambobin girma na gida da na waje da digirin girmamawa. Duk da haka in ka tare mutum a kasuwar Kurmi ka ambaci Abubakar Imam, ba hukuma ko majalisa zai tuna ba, aku zai tuna.

Akwai tambayar da nake yi wa kaina game da aikinsa, ban kuwa ga amfanin ɓoye ta ba. Da tatsuniya ta shiga littafi ta sami tsawon rai, amma ta rasa wani abu. Kaka tana kallon fuskar jikokinta tana ba da labari. Ta san wanda ya ƙwace wa ƙanensa ƙosai da safe, sai Gizo ya yi irin wannan kwaɗayi a daren nan, ya sha duka a hannun wanda ya fi shi. Ta san wadda aka yi wa gori ta kwana da kuka, sai marainiya ta auri ɗan sarki. Tana rera waƙar cikin labarin yara suna amsawa, mai gyangyaɗi ta taɓa shi da ƙafa. Littafi ba ya ganin fuskar kowa. Daɗin daɗawa, da ya zama littafin jarrabawa, sai wasu malamai suka mayar da shi abin haddacewa, ana dukan yaro don ya manta sunan garin Sarkin Sinari ko sunan ɗan aku. Ka ji inda aka koma wa hanyar macen aku da littafin namijin.

Ina jin shi kansa Imam ya hango wannan, shi ya sa bai jera labaran kawai kamar yadda Edgar ya yi ba. Ya sa mai ba da labari da mai sauraro a cikin littafin, da dare, su biyu, ɗaya yana so ya tashi ɗaya yana riƙe shi. Ya zana wa mai karatu yadda ake yin abin, don uban da ya karanta ya rufe littafin ya juya wajen nasa ɗan. Na san gidajen da aka yi haka, inda wa ɗan aji shida ke karanta wa ƙannensa a gindin fitilar ƙwai, uwa tana tsinke zogale tana gyara masa inda ya yi tuntuɓe, ko da ita ba ta taɓa shiga aji ba, don ta riga ta ji labarin a bakin wani.

A shekarunsa na ƙarshe ya zauna a Zariya, garin da ya zo aron wata shida ya zama gida. East, wanda ya fara gano shi, ya rasu a Ingila cikin 1975. Shi kuma Alhaji Abubakar Imam ya rasu a Zariya ran 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. Bayan rasuwarsa gidan talabijin na N.T.A. Kaduna ya mayar da labaran Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, yaran da talabijin ya raba da ɗakin kaka suka sake haɗuwa da aku a cikin akwatin. Cikin 1989 kuma aka buga tarihin rayuwarsa da ya bari a rubuce, wanda Abdurrahman Mora ya tsara, a kamfanin N.N.P.C. na Zariya, inda aka daɗe ana buga littattafansa.